Carbin Katantanwa

Yayata Shatu ta fi shekara hamsin tana haɗa carbi a garin Makka, kuma in ka cire sau ɗaya tak, ban taɓa jin ta yabi aikin hannun wani ba. Mutum zai miƙa mata carbin da ya sayo da tsada a bakin Harami, ta ja shi tsakanin yatsu, ta mayar masa ta ce, "Zaren roba ne, ba zai kai azumi ba." Abin da ke ba ni haushi shi ne, ba ya kaiwa ɗin.

Ni ce ƙanwarta, Khadijatul Kubra, ana ce min Kubra. A unguwar Misfala aka haife mu, a nan Makka. Iyayenmu Kanawa ne da suka taho a ƙasa ta Sudan, suka sauke farali, komawa ta gagara. A nan Yaya ta yi aure. Mijinta Idris yana da ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, shi yana ciniki, ita tana gida da tire da allura. Alhazai kan zo da carbinsu da ya tsinke a cunkoso, 'ya'yan ƙulle a hankici, wani har da hawaye don na mahaifinsa ne. Yaya ta zube su a tire, ta nemo masu kama da waɗanda suka ɓace, ta zura, ta ƙulle, ta mayar da liman, wato dogon nan da ke saman carbi. Da wannan aikin suka ci, suka sha, suka reni ɗansu ɗaya tilo, Ma'aruf.

Yanzu duk wannan ya wuce. Gidanmu na Misfala an rushe shi, otal ne a wurin. Idris ya rasu, nawa mijin ya bi shi, muka haɗu mu biyu a wani ɗan gida a hawa na uku a unguwar Rusaifa, inda lifta ke aiki ranar da ta ga dama. Carbi kuwa a kwali yake zuwa daga Sin, in ya tsinke a jefar a ɗauki wani. Wasu ma ɗan abin dannawa suke maƙalawa a yatsa. Masu kawo wa Yaya gyara ba su wuce tsofaffi irinmu ba, su ma kullum raguwa suke. Ga likita ya ce tana da hawan jinin ido, ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce ta rabu da allura. Ta ce masa to, ta dawo gida ta ɗauki tirenta.

Ma'aruf ya tafi karatu Amurka, aka ce shekara huɗu. Karatu ya ƙare, aiki ya ɗauke shi zuwa Hawai yana kafa wa mutane faifan wutar rana a kan rufi, sai ga labari ya auri wata Kirista mai suna Malia. Bayan kwana biyu Yaya ta ce a tambaye shi ko yarinyar tana da uwa. Aka ce uwarta ta rasu, kakarta ce ta rene ta, Tutu suke ce mata. Yaya ta ce to, Allah ya sa albarka.

Ni da na ɗauka Amurka duk dogayen gine-gine ce. Ashe garin su Malia wani ɗan tsibiri ne a can ƙurya, raɓe da babban tsibirin da Ma'aruf ke zaune. Yakan kira mu da safe bayan mun yi asuba, su can yammacin jiya ne, ya riƙa ba mu labarinsa a guntu-guntu. Ya ce dutsen babban tsibirin ke tare girgije ya shanye ruwan, su sai abin da ya rage, don haka ƙasar busasshiya ce, ja, sai itatuwan ƙaya. Ruwan sama suke tarawa daga rufi zuwa tanki, in fari ya yi tsanani a riƙa auna shi. Babu kwalta, babu kanti, babu asibiti. Doki da keke ne abin hawa. Shinkafa da sukari sai jirgin ruwa ya kawo, shi ma sai teku ta yarda. Maza su jefa taru su kamo kifi, su farauto tumakin da suka zama na daji. Mutanen duka ba su kai jama'ar da ke zuwa ɗaurin aure ɗaya a Rusaifa ba, kuma suna da harshensu da ko maƙwabtansu ba kowa ke ji ba.

Yaya tana jin labarin tanki ta ajiye allura. "Kubra, kin tuna layin ruwa a Misfala? Da garwa a ka?"

"Wuyana bai manta ba," na ce.

Sai kuma ya ce baƙo ba ya shiga tsibirin sai an gayyace shi, shi kansa da yake suruki sai da aka nema masa izini. Yaya ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe su ma da nasu shingen." Ta faɗi haka ne saboda namu. Malia ba za ta iya shiga Makka ba tunda ba Musulma ba ce, duk mai bin titin Jidda ya san inda hanya ta rabu. Ita kuma Yaya ba ta taɓa wuce Madina ba, gwiwoyinta ba za su ɗauki yini da kwana a jirgi ba. Sai aka tsayar cewa a Jidda za a haɗu.

An haifi yarinya, aka sa mata Shaima. Daga nan Yaya ba ta da wani buri a duniya sai ta ga jikarta da idonta tun idon yana gani. A waya ba ta ganin komai sai inuwa mai tsalle. Kullum tambayarta ɗaya ce: "Tana da wushirya?" Mahaifiyarmu tana da ita, Yaya tana da ita, ta tsallake ni ta tsallake Ma'aruf. Shi kuma sai ya ce, "Wallahi ya Ummi ban lura ba." Uba ne fa, yana zaune da yarinya a gida ɗaya. Haka Ma'aruf yake tun yana ƙarami, in ka aike shi da magana goma, biyu ce ke isa. Zuwa Jidda kuwa, bana sai baɗi, baɗi sai baɗin baɗaɗa, har yarinya ta shiga shekara ta shida. Na gaji da gyara ɗakin baƙi a gidan 'yata Tahani da ke can.

A watan Rajab na bara ya zo Umra shi kaɗai, na mako guda. Ranar da zai koma, direba yana ƙasa yana danna hon, ya zaro wani ɗan akwatin katako daga jaka.

"Ummi, na kusa mantawa. Hadiyya ce daga Tutu. Ki ajiye da kyau, tana da daraja marra, sosai da sosai. Bayan Hajji za mu zo Jidda gaba ɗaya, halas, an gama magana."

Ya sumbaci kanta, ya sauka da gudu. Iyakar bayanin ke nan.

Abin wuya ne mai igiya uku, na 'yan katantanwar teku. Manyan ba su fi ƙwayar wake ba, farare masu sheƙi, ƙananan kamar gero, wasu ja wasu ruwan ƙasa. An ƙulla su bibbiyu har suka tashi kamar furen fulli, farin furen nan mai ƙamshi da ake rataya wa ango a nan. Yaya ta kai shi bakin taga, ta bi shi da yatsa ƙulli bayan ƙulli, ta juya bayansa, ta daɗe. Sannan ta ce, "Wannan matar ta iya." Sau ɗayan da na ce a cire ke nan.

Sai dai kyauta tana son tukuici, kuma Yaya ba ta kwana da nauyin mutum a kanta. Ta yi ta lissafi a fili. Zane? Turare? Dabino? Duk abin kasuwa ne, matar kuwa aikin hannunta ta aiko. Sa shi a wuya kuma, ita da ta haura saba'in, mijinta na ƙasa, ai sai a ce ta zare. A ganin Yaya, babu darajar da za a yi wa abin da aka zura a zare da ta wuce a ambaci Allah da shi. Sai ta yanke shawara za ta mayar da shi carbi, ta yi ɗawafi da shi, ta yi wa tsohuwar addu'a, ta mayar mata.

Na ce, "Yaya, ki bari mu tambayi yaron nan."

Ta ce, "Ma'aruf zan tambaya maganar zare? Wanda bai san ko 'yarsa na da wushirya ba?"

Ta sa almakashi.

Katantanwa ba kamar icen carbi ba ce. Allurar Yaya ta fi ƙarfin hujin, ƙananan suka riƙa fashewa a yatsunta kamar ɓawon ƙwai. Ta tsince manyan farare ta jera casa'in da tara, ta sa jajaye a wurin rabewa, ragowar ta juye a kwalbar zuma. Liman kuwa, na carbin Idris ta ciro ta sa, wanda ko ni ba ta bari in taɓa. Muka je Harami da hantsi, ta ƙi keken guragu, ta zaga da ƙafarta tana jan abin nan a hankali, ni ina riƙe da ita ina mita. Ta dawo gwiwa a kumbure, amma na daɗe ban ga fuskarta a sake haka ba.

Washegari da Ma'aruf ya kira, ta ce a kira mata Malia. Ni ke riƙe da wayar. Yaya ta ɗaga carbin tana murmushi, wushirya a waje. Na ga Malia ta matso da fuskarta, ta tsaya cak, ta sa hannu ta rufe baki. Sai ta tashi, muka ji an rufe ƙofa.

"Ummi, esh sawwaiti? Me kika yi?" Ma'aruf bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba sai ranar.

A lokacin ne bayanin da ya kamata ya yi tun a Rajab ya fito. Ya ce katantanwar nan sai a bakin tekunsu ake samunta, bayan guguwar lokacin sanyi. Mata kan kwanta rubda ciki a kan yashi tun safe har rana ta yi zafi, suna tsinta ɗaya-ɗaya, wani yinin duka a tashi da abin da bai cika murfin kwalba ba. A ware kala-kala, a cire yashin ciki da tsinke, a huda, rabi su fashe. Jajayen nan da Yaya ta farfasa, uwar Tutu ce ta fara tara su. Tutu ta makance yanzu, wannan ne na ƙarshe da ta ƙulla. Ta aiko ne don Yaya ta sa ranar haɗuwa, in ta gama yayinta ya koma wuyan Shaima.

Na karɓe maganar. "Kai kuma duk wannan a ina ka bar shi? A cikin mota?"

"Ya Khala," ya ce, haka yake kirana da Larabci, "na ce muku tana da daraja."

"Agogon hannunka ma yana da daraja!"

Yaya ta ce in kashe wayar. Ta zauna da carbin a cinya, ba ta ja shi ba. Tausayinta ya kama ni.

Daga ranar Malia ba ta ƙara fitowa a waya ba, Shaima ma sai jefi-jefi. In an tambayi maganar Jidda, Ma'aruf ya ce, "In sha Allah, ana dubawa." Mun san ma'anar ana dubawa.

Bayan sallar azumi Yaya ta sa na nemo hoton abin wuyan da na ɗauka ranar da ya zo. Ta ce abin da hannu ya kwance, hannu zai mayar. Ta sake sa almakashi, ta tsinke carbin, ta juye kwalbar zuma a tire. Ni ke buɗa mata hoton ina faɗa mata ja ne ko fari, ita tana lalube. Ta siyo siririn zare, ta goga bakinsa da kakin zuma har ya yi tsini, ta daina amfani da allura sai wurin da ya zama dole. Ƙullin mutanen ya ƙi ta. Ta yi ta kwance, ta yi ta kwance, kowane kwancewa sai an rasa wasu. Tun safe take zama a bakin taga har hasken ya kau. Idonta ya yi ja, kanta ya riƙa sarawa.

"Yaya, garin gyaran gira za ki rasa ido."

"In ban gyara ba, me zan kalla da idon?"

Hajji ya zo ya wuce, garin ya cika ya watse, ita tana kan tire. Abin da ta samu a ƙarshe igiya ɗaya ce maimakon uku, gajeriya, furen ya karkace. Ta san bai yi ba. Ta ce da wata ce ta kawo mata shi, da ta ce ta je ta sake koyo.

Sai ga Ma'aruf a farkon Muharram, wai sun yanki tikiti, kwana uku za su yi a Jidda su wuce. Bai ce an huce ba, bai ce ba a huce ba.

A falon Tahani muka tarbe su. Malia doguwa ce, mai sanyin motsi, ta yafa gyale kamar wadda ke tsoron zai faɗi. Shaima ta maƙale a bayanta. Yaya ta jawo yarinyar ta rungume, ta shafa kanta da kunnuwanta, yarinyar ta zille ta koma wurin uwarta. Kafin a kawo shayi Yaya ta fito da akwatin katakon ta miƙa da hannu biyu.

"Ka ce mata na yi ɓarna, ta yafe min. Iyakar abin da na iya ke nan."

Malia ta buɗe. Ta ɗaga igiyar ta duba, ta kalli mijinta, ta yi masa magana a hankali. Na ga Ma'aruf ya fara sosa ƙeya.

"Tana tambaya ina carbin."

"Wane carbi?" in ji Yaya.

Ashe da labari ya isa tsibirin a jirgin kaya, Tutu ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi a kawo mata shi yadda yake. Tun da idonta ya tafi yatsunta ba su da abin yi, kuma ba a taɓa zaga ɗakin Allah da katantanwarta ana yi mata addu'a ba. Saboda wannan saƙon ne Malia ta sauko ta yarda da tafiyar.

Na ce, "Yaushe ta faɗi haka?"

"Wajen ƙarshen azumi." Ya kalli ƙasa. "Wallahi na ɗauka na faɗa muku."

Abin da na gaya masa a falon nan ba zan maimaita ba, har Tahani sai da ta rufe taga. Yaya kuwa jakarta ta jawo, ta fito da almakashi da zare da limamin Idris, ta ce a ba ta tire. Ta tsinke aikin wata uku ba tare da ta dube shi ba. Sai ta ɗauki allura za ta zura zare. Ta kai, ta wuce. Ta lashi bakin zaren ta sake, ta wuce. Matar da ke zura allura tana hira da baƙi. Muna tsaye muna kallo, babu mai ƙarfin halin cewa kawo.

Malia ce ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta zare allurar daga hannunta, ta ajiye gefe. Ta ɗauki zaren ta murza bakinsa yadda ake yi a garinsu, ta zura katantanwa ɗaya, ta damƙa wa Yaya ta ƙulle. Haka suka yi kwana ukun nan. Ɗaya ta zura, ɗaya ta ƙulle, babu mai jin harshen wata, kuma ba su nemi Ma'aruf ba. Fararen da suka rage ba su kai casa'in da tara ba, sai ƙaramin carbi mai talatin da uku aka samu.

Ni kuwa haushi ya ishe ni. Shekara shida ana jiran yarinya, ga ta tana tsalle a kan kujerun Tahani, tana cin sambusa tana watsa ɓarɓashi, kakarta kuma kai a sunkuye kan tire. Na ce, "Yaya, ɗago ki kalli jikarki." Ta ce, "Saura kaɗan." Da safen ranar tafiya ta sa aka kai ta Makka, ta zaga da sabon carbin, wannan karon a keke, aka dawo da ita ta damƙa wa Malia a filin jirgi. Malia ta sumbaci kanta kamar yadda ta ga ana yi. Shaima ta yarda an rungume ta na ɗan lokaci, sai aka kira jirgi.

Mijin Tahani ya ɗauko mu zuwa gida da la'asar. Yaya ta jingina da ƙofar mota, idonta a rufe, yatsunta duk sun tsage. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaukar tire ba, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Mun wuce inda hanya ta rabu, mun shiga iyakar Harami, sai ta yi magana ba tare da ta buɗe ido ba.

"Kubra."

"Na'am, Yaya."

"Yarinyar nan, da wa take kama?"

Sai a lokacin na gane. Ba ƙin ɗagowa ta yi ba, ko ta ɗago babu abin da za ta gani. Na ce goshin na Idris ne, tsayin na uwarta.

"Wushiryar fa?"

"Famfara take yi, Yaya. Haƙoran gaba duk sun zube. Sai sababbi sun fito za a sani."

Muka shiga Rusaifa. Mijin Tahani ya tsaya a ƙofar gida, ya leƙa ya dawo ya ce lifta ba ta aiki. Na kama hannunta muka fara hawa. A hawa na biyu ta tsaya tana mayar da numfashi.

"In sun fito," ta ce, "ki duba min."